Lambun Cikin Gida: Yadda Za Ki Ciyar Da Tukunyarki Daga Damina Har Bazara

Kusan duk baƙuwar da ta shigo gidana ta ga alayyafo da yakuwa sun yi kore shar a bayan ɗakin girki, tambayarta ɗaya ce: "Maman yara, yaya kika yi?" Wata ta ce ta gwada kaji sun cinye. Wata ta dasa tumatir a tsakiyar damina ya ruɓe tana kallo. Wata kuma ta ce gidansu siminti ne ko'ina. Na yi ta bayani da baki a tsaitsaye, ana fita ana mantawa, shi ya sa na ga gara in jera matakan yadda nake bin su.

A Zariya nake, don haka watannin da zan ambata na yankinmu ne da Kano. In kina Sakkwato, Katsina, Maraɗi ko Damagaram, damina takan iso muku a makare ta kuma ɗauke da wuri, sai ki matsar da lissafin da 'yan makonni.

1. Tambayi tukunya kafin ki je wurin mai iri

Ki zauna ki tuna abin da kike aika yaro ya sayo a mako guda. Sai ki raba shi gida biyu: abin da ake saye kaɗan-kaɗan kullum kuma yake yaushi kafin gobe, da abin da ake saye da yawa a ajiye. Kashin farko shi ne na lambunki.

Albasa tana kashi na biyu. Filin da bai wuce taku goma ba ba zai ba ki albasar shekara ba, kuma manoman Aliero da na Galmi sun riga sun wadata kasuwa da ita. Abin da za ki yi shi ne ki binne ƙananan albasa biyar ko shida don lawashi. Ganye kuwa, nan ne ribar take: wanda kika tsinko minti goma kafin ki zuba a miya ba a samunsa a kasuwa ko nawa za ki biya.

A shekarar farko ki tsaya kan biyar: alayyafo, yakuwa, kuɓewa, zogale da attaruhu. Duk suna da haƙuri da sabon hannu. Karas, kabeji da latas su jira sai sanyi ya shigo kuma kin saba.

2. Zaɓen wuri

Ki ɗauki yini guda kina lura da inda rana take faɗawa. Wurin da yake samun rana aƙalla awa shida shi ne naki. Gindin mangwaro ko darbejiya yana da daɗin zama, amma inuwa da saiwar bishiyar za su danne duk abin da kika shuka.

Hattara: ki nisanta lambu da shadda, da kwata, da inda ake zubar da ruwan wanki. In katangarku ta ƙasa ce, ki bar taku biyu tsakaninta da inda za ki riƙa ban ruwa, don danshin kullum yana cin gindin katanga a hankali, sai ranar da marka ta zauna a ji ta zube.

In gidan siminti ne, buhu ya ishe ki. Ki samo buhun shinkafa ko na masara, ki huda ƙasansa wuri takwas ko goma, ki naɗe bakin, ki cika da ƙasa mai taki. Attaruhu ɗaya a buhu ɗaya, kuɓewa biyu. Alayyafo kuwa tsohon baho mai zurfin taƙi guda ya wadatar, muddin kin huda shi. Kada ki yi amfani da jarka ko buhun da aka taɓa zuba maganin feshi ko baƙin mai a ciki, ko an wanke.

3. Shinge kafin iri

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi sa mata barin lambu. Shekarata ta farko na shuka alayyafo, ya yi mako uku, gobe zan fara yanka. Na shiga sallar la'asar, yaro ya bar ƙofar gida a buɗe, awakin maƙwabta uku suka shigo. Da na fito babu abin da ya rage sai kututture. Na zauna a bakin rijiya na yi shiru, don na ji ciwon abin ƙwarai.

Darnin karan dawa shi ne mafi araha, kuma bayan girbi ana samun kara a ko'ina. Zana ta fi shi rufewa. Ragar waya ta fi su tsada amma tana shekaru. Ko wanne kika zaɓa, ki binne gindinsa cikin ƙasa kamar rabin taƙi, domin 'yan tsaki ta ƙasa suke kutsawa. Ki yi masa ƙyaure mai maɗauri, ki kuma koya wa yara rufewa. Tsohon gidan sauro kada ki yar: shi ne maganin ƙadangaru da tsuntsaye a kan sabon tsiro.

4. Kayan aiki da lissafin kuɗi

Fartanya, shebur, manjagara, bokiti biyu da butar ban ruwa. In babu butar, ki huda gindin babban gwangwani da ƙusa. Shebur da manjagara ana iya ara, sau biyu ko uku kawai za ki neme su a shekara.

Farashi yana canjawa tsakanin wannan kasuwa da waccan, don haka ga yadda kuɗin yake rabuwa. Shinge ne ke cin kuɗi da yawa, amma sau ɗaya. Iri shi ne mafi arha, wani ma kyauta za ki samu wurin maƙwabciya. Taki in kuna kiwo ba ki da kashewa. Abin da yake cin aljihu a ɓoye shi ne ruwan rani. Fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 3 yana shan wajen lita 15 a rana lokacin sanyi, in zafi ya shigo ya kusa shanye jarka guda mai lita 25. Ki ninka kuɗin jarka a wurin ɗan garuwa sau talatin, ki kwatanta da abin da kike kashewa a ganye a wata. In kuna da rijiya ko burtsatse, ki yi fangali huɗu ko biyar. In sayen ruwa kuke yi, biyu sun isa da rani, sauran ki bar wa damina.

5. Taki da gyaran ƙasa

A nan lambu yake yin kyau ko ya lalace, tun kafin a ga ƙwayar iri.

Ki jiƙa ƙasar wurin kaɗan, ki dunƙula a hannu. In ta watse nan take, jigawa ce, ba ta riƙe ruwa. In ta dunƙule tana santsi kamar ta ginin tukunya, laka ce, tana riƙe ruwa fiye da kima, in ta bushe kuma ta tsage. Maganin duka biyun ɗaya ne: ruɓaɓɓen taki. Ga laka sai ki ƙara da ɗan yashi.

Yadda nake haɗa nawa: na haƙa rami a kusurwa, zurfin kamu ɗaya da rabi. Nakan shimfiɗa busasshen ganye da sharar tsakar gida a ƙasa, in zuba kashin awaki ko na tumaki ko na kaji a kai, sai ɓawon kayan miya da ragowar ganyen da aka gyara, in barbaɗa ƙasa kaɗan, in yayyafa ruwa. Haka nake jerawa hawa-hawa har ramin ya cika, in rufe da tsohon buhu. Duk mako biyu nakan juya shi da shebur, in ya bushe in ƙara ruwa, amma ba har ya yi caɓi ba. Kwanakin farko in kin cusa hannu za ki ji zafi kamar tuwon da aka kwashe yanzu, alamar aiki yana tafiya ke nan. Bayan wata biyu zuwa uku zai huce, ya yi baƙi, warin ya tafi, ya koma ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya daka. To ya nuna.

Hattara: ɗanyen kashin kaji wuta ne. Na taɓa zuba shi kai tsaye a gindin attaruhu don ina gaggawa, cikin kwana uku ganyen ya ƙone daga gefe, shida daga cikin takwas suka mutu. Takin bola kuma, wanda ake kawowa a baro, a cike yake da leda, kwalba, allura da mataccen batir. Ba na sa shi a abin da yarana za su ci.

Ki kafce ƙasar zurfin taƙi ɗaya da rabi, ki tsince duwatsu da leda, ki zuba taki bokiti biyu zuwa uku a kowane fangali, ki cakuɗa, ki ba shi ruwa, ki bar shi mako guda. Ciyawar da za ta fito a wannan makon ki cire ta, kin rage wa kanki aikin gaba.

Takin zamani ba dole ba ne. In za ki sa, NPK 15-15-15 cikin kwalin ashana ɗaya ya ishi murabba'in mita guda. Ki binne shi nesa da gindin shuka da faɗin tafin hannu, ki bi shi da ruwa. In ya taɓa kara ko ganye zai ƙona.

6. Kunya da damina, fangali da rani

Da damina matsalarki ruwa ya yi yawa, don haka ki ɗaga ƙasa sama, ki yi kunya ko tudu mai tsayin taƙi ɗaya, da hanyar da ruwa zai bi ya fice. Da rani matsalarki ruwa ya gudu, don haka ki yi fangali, tsakiyarsa a ƙasa, gefensa a ɗage, kamar yadda masu lambun fadama suke yi. Wadda ta juya wannan tsarin za ta ga saiwa ta ruɓe a watan Agusta, ko ruwa yana malala a banza a watan Janairu.

Faɗin kada ya wuce mita ɗaya, yadda hannunki zai kai tsakiya ba tare da kin taka ba.

7. Shukar damina

Kada ruwan farko ya ruɗe ki. Yakan sauka sau ɗaya ya ɗauke mako biyu, tsiro ya ƙone. Ki jira ruwa ya zauna, a wurinmu daga ƙarshen Mayu zuwa cikin Yuni.

Alayyafo: irinsa ƙanana ne ƙwarai, in kika watsa shi haka zai taru wuri ɗaya. Ki haɗa rabin ƙaramin cokali da yashi cikin tafi biyu, ki barbaɗa, ki shafa ƙasa sama-sama da hannu. Yana tsirowa cikin kwana uku zuwa biyar, a mako uku zuwa huɗu ya isa ci. Ki yanka shi ki bar gindi kamar tsawon yatsa, zai sake tofo sau biyu ko uku. Babban kuskure shi ne shuka fangali guda a rana ɗaya: duk zai nuna tare, ki ci na kwana huɗu, sauran ya yi fure ya tsufa. Ki raba fangalin uku, ki riƙa shuka kashi ɗaya duk bayan mako biyu. Haka za ki yi da lalo.

Kuɓewa: ki jiƙa irin ya kwana, ki sa ƙwaya uku a rami mai zurfin gaɓar yatsa, tazarar kamu ɗaya. In sun fito ki bar biyu masu ƙarfi. Wajen mako bakwai zuwa takwas za ta fara 'ya'ya. Daga nan ki riƙa tsinka duk kwana biyu. In kika bar 'ya'yan suka ƙosa a jiki, uwar takan rage haihuwa. Gindi goma sha biyu suna ciyar da gidana, har in shanya.

Yakuwa da rama: ƙwaya uku a rami, tazarar kamu ɗaya. Bayan wata guda da 'yan kwanaki ki fara figar ganye daga ƙasa. In kina son zoɓo, ki ware gindi biyar na ja ki rage figarsu.

Kabewa rami biyu ya isa, a kusurwa, ki nuna mata hanyar hawa danga ko rufin ɗakin kaji. Zogale kuma ki dasa reshe mai kauri tsawon mita ɗaya, ko ki shuka iri. In ya kai ƙirjinki ki datse kansa. In kika bar shi zai miƙe ya wuce katanga, ganyen ya koma inda sai da gora.

Hattara da tumatir a wannan lokaci. Danshi da ruwan da ke fantsamo ƙasa kan ganye suna kawo masa cututtuka, furen ya zube, 'ya'yan su ruɓe. Ba banza ba tumatir yake tsada da damina. In kin nace, ki sa biyu ko uku a buhu ƙarƙashin baranda inda rana take shiga amma ruwan sama ba ya dukansu.

A tukunya kuwa, damina lokacin ɗanyen ganye ne: faten tsaki da yakuwa da alayyafo, miyar ɗanyar kuɓewa, kwaɗon rama, dambun zogale. Ki wanke ganye kafin ki yanka, ba bayan kin yanka ba, don amfaninsa yana bin ruwan wankin. Alayyafon gida ya fi na kasuwa laushi, minti biyar a ƙarshen girki ya ishe shi. Yakuwa in ta yi tsami da yawa ki tafasa ta daban ki zubar da ruwan farko, ya fi ki cika mata kanwa har ta yi laushin da ba ta da ɗanɗano. Rama ki dafa, ki matse sosai, sannan ki zuba dakakken ƙuli-ƙuli, albasa, yaji da ɗan man gyaɗa.

8. Kaka: shanya

Daga Oktoba ruwa ya ɗauke, iska ta bushe, lambu yana ba ki fiye da abin da za ki ci. Abin da kika shanya yanzu shi za ki ci a Afrilu da Mayu.

Ƙa'idar ita ce ganye a inuwa, 'ya'ya a rana. Zogale, yakuwa, rama da lalo ki wanke, ki tsane, ki baza su siriri a kan tabarma a ɗaki ko rumfa mai iska. Rana tana ƙone launinsu ta rage amfaninsu. In sun bushe daidai za su kasance kore, suna marmashewa a hannu. Kuɓewa ki yayyanka siriri tun tana ɗanya shar, ki baza a faifai ko tire, ki ɗora a sama inda kaji da ƙura ba sa kaiwa. Ki juya ta da rana, ki shigar da ita kafin magariba saboda raɓa. In kin lanƙwasa ta karye ƙas, ta yi. In ta lanƙwashe, da saura.

Hattara: abin da bai gama bushewa ba in aka ƙulle shi a leda fumfuna zai yi, kuma wanda ya yi fumfuna zubarwa ake yi, ba a kankarewa. Ki ajiye kuɓewar a yanke cikin kwalba ko roba mai murfi, ki riƙa daka ta mako guda kawai. Garin da ya daɗe a dake yana rasa yauƙi da ƙamshi.

Zoɓo ki tsinke shi in ya yi jawur ya cika, ki ɓare, ki shanya. Kabewa ki bari ta ƙosa har farce ya kasa huda ɓawonta, ki yanke ta da ɗan guntun kara a jiki, ki ɗora a kan katako a wuri mai sanyi. Haka takan yi watanni.

Wannan ne lokacin miyar taushe ta gaske. Ki dafa nama da ƙashi da albasa da daddawa, ki zuba kabewa manya-manya a kai har ta yi laushi, ki tsame ta ki dama, ki mayar. Ki zuba jajjagen kayan miya da mai, sai niƙaƙƙiyar gyaɗa, ki bar ta ta dahu har warin ɗanyenta ya fita. Yakuwa ta fara shiga, alayyafo da lawashi su zo ƙarshe. Da waina ko tuwon shinkafa, ranar Juma'a.

9. Reno da dashen hunturu

Sanyi shi ne lokacin tumatir, latas, kabeji, karas da tattasai. Manoman Kadawa da Kura da Ɗanja da rani suke cika kasuwa da tumatir, ke ma ki bi sahunsu. Ki fara reno a Oktoba.

Wurin sayen iri ki duba ranar lalacewa a jikin fakiti. UC82B da Roma nau'o'i ne da aka daɗe ana nomawa a arewa, suna da nama, suna kuma shanyuwa. In kina shakkar iri, ki naɗe ƙwaya goma a jiƙaƙƙen ƙyalle, ki duba bayan mako guda. In ƙasa da bakwai suka tsiro, ki nemi wani.

Ki tankaɗe ƙasa da taki da ɗan yashi a baho mai huji. Ki ja layuka da tsinke, ki jera iri ba a cunkushe ba, ki rufe sama-sama, ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa, ki yayyafa ruwa. Da zarar kin ga tsiro ki ɗauke ciyawar, in ba haka ba zai yi tsawo siriri ya faɗi. Ruwa da safe kawai, kuma kaɗan. In kin ga tsiro yana kwanciya gindinsa ya yi siriri ya yi baƙi, ruwa ya yi yawa kuma sun matsu.

Tumatir, latas da kabeji suna isa dashe a mako uku zuwa huɗu, attaruhu da tattasai sai mako biyar zuwa shida. Mako guda kafin dashe ki rage musu ruwa ki fito da su rana don su yi ƙwari. Karas ba a dasa shi, a fangalinsa ake shuka shi, a rage in ya fito, kuma ba ya son sabon taki, saiwar takan rabu biyu.

Wani dattijo mai lambu a bakin kogin Kubanni na nan Zariya ya taɓa ganina na ɗauko dashe da hantsi. Ya ce, "'Yata, yanzu za ki dasa?" Na ce, "Eh, Baba." Ya ce, "Ki sa shi a inuwa ki jira la'asar sakaliya. Ki bar shi ya kwana ya sha sanyi kafin ya gamu da rana." Tun daga ranar ban sake dashe da safe ba. Ki jiƙa bahon kafin ki cire, ki ɗago kowane tsiro da ƙasarsa, ki danna gindin, ki ba shi ruwa nan take. Tumatir da kabeji tazarar kamu ɗaya, latas taƙi ɗaya da ɗan ɗori. Ki kafa wa tumatir sanda tun ranar, kada ki jira ya girma ki soki saiwarsa.

10. Ban ruwa

A gindi ake zubawa, ba a kan ganye ba, da sassafe ko da yamma. Kafin ki zuba ki cusa yatsa: in akwai danshi a gaɓa ta biyu, ki bari. Ruwa mai yawa da ya ratsa ƙasa ya fi yayyafi sau uku da bai wuce sama ba. Ki rufe ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa, iskar hunturu ba za ta shanye miki ruwa da wuri ba. Ki ɗan janye ciyawar daga jikin kara saboda gara.

Ruwan alwala, ruwan wankin shinkafa da na wankin kayan miya duk ki tara a bokiti, zai rage miki buƙatar ruwa. Ruwan omo, na bilic da mai gishiri ko mai maiƙo kada ya shiga.

Hattara: tumatir ba ya son yau ƙishirwa gobe ambaliya. Shi ke sa 'ya'yan su tsage, ko ƙasansu ya yi baƙi. In za ki yi tafiya ki damƙa wa mutum ɗaya, ki nuna masa yawan ruwan da idonsa.

11. Ƙwari

Kowace safiya ki ɗaga ganye ki duba bayansa, nan suke ɓuya. A ƙaramin lambu hannu ya fi kowane magani: ki tsince tsutsa, ki cire ganyen da ya kamu ki ƙona. Ƙananan ƙwarin da ke huda ganyen kuɓewa da yakuwa, toka da aka tankaɗe, a barbaɗa da sassafe kan raɓa, tana rage su.

Ga darɓa da farin ƙuda da tsutsar kabeji, 'ya'yan darbejiya nake amfani da su. Ki ɓare busassu, ki daka ƙwayar kamar giram 50, wato cikin tafi ɗaya mai kyau, ki jiƙa a lita ɗaya na ruwa ya kwana, ki tace da ƙyalle, ki narka ɗan sabulu kaɗan a ciki, ki fesa da yamma har bayan ganye. Ki maimaita duk mako. Ba ya ajiyuwa, ki haɗa na ranar kawai.

In kin ga farin zane kamar taga a cikin ganyen tumatir da ƙananan huji a 'ya'yan, tsutsar nan ce da manoma ke kira sharon, wadda ta cinye gonakin tumatir a Kano, Kaduna, Katsina da Jigawa a 2016. Tana cikin ganyen ne, feshi bai cika kai mata ba. Ki cire duk abin da ya kamu tun da wuri, in ta yi yawa ki tumɓuke gindin ki ƙona.

Hattara: fiya-fiya da maganin sauro ko na kyankyaso ba na abinci ba ne, kada su kusanci lambu. In dole ta sa kika sayi maganin feshin gona, ki karanta kwanakin da aka ce a jira kafin a ci, ki cika su. A kan alayyafo da latas kuwa ba na fesa komai na kanti.

Kada ki maimaita dangi ɗaya a wuri ɗaya. Tumatir, attaruhu, tattasai da gauta 'yan gida ɗaya ne. Kuɓewa, rama da yakuwa ma haka. In kin tumɓuke gindi kika ga saiwar ta yi ƙulli-ƙulli, wurin ya kamu, ki sa masa albasa ko masara a zagaye na gaba, ki ƙara taki.

12. Bazara

A Fabrairu zuwa farkon Maris tumatir yake yin yawa, naki da na kasuwa. Ki yi kauɗa: ki raba shi biyu ko huɗu, ki barbaɗa gishiri kaɗan, ki shanya a sama fuskar yankan tana kallon rana, ki rufe da raga saboda ƙuda. Ranar girki ki jiƙa shi a ruwan ɗumi ki niƙa da albasa da attaruhu. In kwalba za ki yi, tumatir zalla ki dafa ya yi kauri, ki sa ruwan lemon tsami babban cokali biyu a kowace lita, ki zuba da zafinsa a kwalbar da kika tafasa, ki rufe, ki nutsar da ita a ruwa ta tafasa minti 45. Kada ki haɗa da albasa ko tattasai a kwalbar. Wadda murfinta ya kumbura ko ta yi kumfa, ki zubar ba tare da kin ɗanɗana ba.

Daga tsakiyar Maris zafi yakan kai digiri 40. Furen tumatir zai riƙa zubewa, latas ya miƙe ya yi ɗaci. Kada ki yi ta asarar ruwa a kansu, ki tumɓuke. Ki bar fangali ɗaya na alayyafo ƙarƙashin rumfar zana mai shigar da rabin rana, da zogale, da gindin attaruhu biyu ko uku da za ki datse ki riƙa ba su ruwa su rayu, da ruwa ya sauka za su riga sabon dashe haihuwa. Sauran fangulan ki rufe su da ciyawa su huta, ki cika ramin taki don Yuni.

Tukunya yanzu ta koma kan ajiya: miyar busasshiyar kuɓewa, miyar kuka, busasshiyar yakuwa a fate, kwaɗon busasshen zogale da aka jiƙa aka dafa, da zoɓo mai sanyi da citta da kanumfari. In azumi yana gabatowa ki ƙirga baya: alayyafo mako huɗu kafin ganin wata, latas mako takwas, in lokacin ya faɗo cikin sanyi.

13. Ajiye iri

Tun lambu yana kan ganiyarsa ki zaɓi gindi mafi lafiya ki ɗaura masa ƙyalle, ki gaya wa yara wannan ba na miya ba ne. Kuɓewa ki bar 'ya'ya uku ko huɗu su bushe a jiki har su fara tsagewa. Alayyafo ki yanke kan in ya bushe, ki murza a cikin tire, ki sheƙe. Tumatir ki matse 'ya'yan da ruwansu a kofi, ki bar shi kwana biyu ya yi tsami, ki wanke, ki shanya a inuwa.

Hattara: irin da aka rubuta F1 a fakitinsa ba a ajiye 'ya'yansa, abin da zai fito ba zai yi kama da uwar ba.

Ki cakuɗa busasshen irin da toka kaɗan, ki zuba a kwalba mai murfi, ki rubuta suna da wata a jiki, ki ajiye nesa da murhu. Irin albasa ba ya wuce shekara da ƙarfinsa, ki sayi sabo kowace kaka. Na kuɓewa, yakuwa da alayyafo kuwa zai kai ki damina biyu, har ki ɗiba wa maƙwabciyar da ta zo tambaya.